Dattin Da Ba A Gilashi Yake Ba

A shekarar da aka janye tallafin man fetur, lokacin da motoci da yawa a Jos suka koma cikin gidaje aka lulluɓe su da tamfol, ina cikin shekarata ta goma sha takwas da fara tuƙa wani tsohon malamin kimiyya a Tudun Wada. Ɗan asalin Filato ne, ya daɗe da yin ritaya, kuma kowa a layin Baba yake ce masa, ni ma haka. Shi kuwa Malam yake kirana, don ya sha ganina zaune a gindin bishiyar fiyar gidansa ina rubutu daga dama zuwa hagu. Ban yi boko ba. Karatuna na allo ne, abin da zan rubuta kuma da ajami nake rubuta shi.

A wata guda aka sallami direbobi uku a layinmu. Na san su duka, muna gaisawa da safe kowa da bokitinsa. Sai na wayi gari ni kaɗai ke wankin mota a layin. Na kusa shekara sittin a lokacin, kuma ba ni da wata sana'a bayan sitiyari. Kullum na fito daga gida sai na yi addu'a Allah ya rufa asiri, ya sa kada tawa ta zo.

Wankin gilashin mota yana da ƙa'idarsa, kuma wanda ya koya mini tuƙi, Allah ya jiƙansa, shi ya koya mini ita tun kafin ya bar ni na taɓa giya. Ba a wanke gilashi a rana, don sabulu zai bushe kafin ka goge ya bar zane. A inuwa ake yi. Tsumman jikin mota daban, na gilashi daban. In an gama da ruwa, sai a dunƙule tsohuwar jarida a bi da ita. Babbar ƙa'idar kuwa ita ce wannan: ta waje ana gogewa daga sama zuwa ƙasa, ta ciki kuma daga gefe zuwa gefe. In ka zauna a kujerar direba ka ga wani zane ya rage, ba sai ka yi ta kai da kawowa ba. In a tsaye yake, na waje ne. In a kwance yake, na ciki ne. Shekara talatin da wani abu ina bin wannan ƙa'ida, ba ta taɓa ba ni kunya ba.

Da farkon daminar nan aka yi ruwa da ƙanƙara, irin wanda mutanen Jos suka sani, mai sa kwanon rufi ya yi ta ƙara har ba ka jin maganar na kusa da kai. Motar tana waje. Da aka ɗauke, sai muka tarar gilashin gaba ya tsage daga kusurwa har tsakiya. Baba ya ce mu je Gada Biyu wurin mai gilashinsa. Wani Ibo ne, gajere, mai fara'a, wanda ya yi shekaru yana yankan gilashi da sa wa motoci a wani ɗan shago da ke bakin hanya. Oga muke ce masa. Ya sa mana sabo, ya buga shi da tafin hannu ya ce, "Baba, wannan sai ka gaji da shi."

Bayan kwana kaɗan na fara ganin wani hazo a gilashin, daidai inda nake kallo. Kamar an shafa ruwan koko an bar shi ya bushe. Na wanke da safe, na bi da jarida, na zauna na duba. Yana nan. Na duba ko a tsaye yake, ba a tsaye yake ba. Na duba ko a kwance yake, ba a kwance ba. Na sake wankewa ciki da waje. Na canza sabulu. Na karɓo ruwan kal a kicin wurin Mama, matar Baba, na ɗiga a ruwa na goge. Har tsumma sabo na yanka daga tsohuwar singiletina. Hazon bai gusa ba.

Baba ya fito da kofin shayinsa ya same ni ina goge wuri ɗaya karo na huɗu.

"Malam, za ka huda shi fa. Me ya yi maka?"

Na ce akwai wani datti da ya ƙi fita, ba a ciki ba, ba a waje ba. Ya ajiye kofin a kan bonet, ya gyara tabaransa mai kauri, ya leƙa ta nan ya leƙa ta can. Idon Baba ya daɗe da yin rauni, shi ya sa ma yake riƙe da direba. Yakan ce, "Idon Malam shi ne idona." Ya leƙa, ya ce shi ma kamar yana ganin wani abu. Daga nan fuskarsa ta washe irin ta malamin da ɗalibi ya yi wa tambayar da yake so.

"In ba a ciki yake ba, ba a waje ba, to a jikin gilashin yake. Malam, ka san gilashi ruwa ne?"

Na yi dariya, na ce, "Baba, ruwan da ƙanƙara ta fasa?"

Ya ce ba wasa yake ba. Haka aka koya musu, haka shi ma ya koyar shekara da shekaru. Gilashi ruwa ne mai tsananin kauri, yana gangarowa a hankali ta yadda ido ba ya gani. Ya ce a tsohuwar makarantar mishan da ya fara koyarwa, tagogin ajin sun fi kauri daga ƙasa, kuma in ka hangi dutse ta cikinsu sai ka ga yana rawa. Gilashi mai kyau sai ya yi shekara ɗari kafin ya nuna. Na jabu kuwa, wa ya sani, ƙila zafin rana kaɗan ya ishe shi ya fara motsi.

Maganar ta zauna mini. Na tuna ƙissar da muka ji tun muna makarantar allo, ta sarauniyar nan da ta shiga fada ta ga daɓe na ƙarau ta zaci ruwa ne har ta tattare tufarta. Na ce a raina, ashe rikicin ruwa da gilashi tsoho ne. Na samu natsuwa, don laifin ya tashi daga kan tsummana ya koma kan wani.

Natsuwar ba ta wuce kwana biyu ba. Ranar Juma'a ina alwala a tsakar gidana, na wanke fuska, ruwa ya shiga mini idon hagu, na sa hannu na danne shi. Da na ɗaga kai da idon dama shi kaɗai, sai na ga tsakar gidan gaba ɗaya ta shiga cikin hazon nan. Igiyar shanya, turmi, mai ɗakina tana tankaɗe a bakin kicin, duk kamar ta bayan ruwan koko. Na saki hagu na rufe dama, komai ya dawo, sai ɗan kaɗan. Na sake. Na sake. Butar ta faɗi daga hannuna ruwan ya tsiyaye ban sani ba.

Mai ɗakina ta ce, "Malam, lafiya kake ta ƙifce-ƙifce kamar wanda barkono ya shiga wa ido?"

Na ce lafiya lau.

Na san sunan abin. Yanar ido ce. Ita ta kama mahaifina. Ina yaro aka kawo wani mai aikin ido na gargajiya, aka zaunar da mahaifina a kan tabarma, maza biyu suka riƙe shi, mutumin ya soka masa wani siririn ƙarfe a ido. Ya gani na kwana uku. Bayan haka idon ya kumbura, ya yi ruwa, kuma har ya koma ga Allah ni nake riƙe masa sanda zuwa masallaci. Ban taɓa manta ƙarar da ya yi ba, mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. Ranar Juma'ar nan a masallaci ban ji huɗuba ba. Abu biyu nake ta juyawa: ƙarfen nan, da direbobin layinmu uku da ke zaune a gida.

Washegari Baba ya ce mu koma Gada Biyu. Ina da hanya mai tsawo da zan faɗa masa gaskiya, daga ƙofar gida har shagon. Na buɗe baki sau biyu. Ban faɗa ba.

Asabar ce, wajen hantsi, layin shagunan cike da mutane. Baba bai ko zauna ba. Ya ce wa Oga gilashin da ya sa mana jabu ne, ya fara narkewa.

Oga ya kalle shi, ya kalli motar, ya fashe da dariya. "Baba, abeg. Shekara ashirin ina yanka gilashi, bai taɓa jiƙa mini hannu ba. Yanka ni yake yi. Duba." Ya nuna tabbai a yatsunsa.

Baba ya kawo masa zancen tagogin mishan. Oga ya ce shi da hannunsa ya sha cire irin waɗannan tagogi a tsofaffin gidajen Turawan kuza. "Wani kaurin yana ƙasa, gaskiya ne. Wani yana gefe. Wani yana sama, Baba. Ruwa yana hawa sama? Tun daga kamfani haka suka zo, ba su iya yin shi sumul ba lokacin."

Da ya san halin Baba da bai faɗi haka a gaban mutane ba. Baba ya ɗaga sandarsa ya ce, "Kai za ka koya mini kimiyya? Ina koyar da ita tun kana tsotson yatsa!" Masu shagunan kusa suka fara matsowa, mai faci da mai fenti da matar da ke gasa masara. Baba ya ce a gabansu duka, wannan mutum kayan jabu yake sayarwa, kuma zai gaya wa duk wanda ya sani.

Dariyar Oga ta ɗauke. Ya buɗe motar ya zauna a kujerata, ya duba ta sama, ya duba ta ƙasa. Ya fito ya ce, "Malam, zo ka nuna mini wurin."

Na sa yatsa a kan gilashin da na san babu komai a jikinsa.

"A tsaye yake ko a kwance?" Ashe shi ma ya san ƙa'idar.

Na ce, "A jikin gilashin yake."

Bai kalli inda yatsana yake ba. Fuskata ya kalla, ya daɗe yana kallo, har na sunkuyar da kai. Sa'an nan ya juya ya ce, "Shi ke nan, Baba. Zan canza." Ya cire shi, ya jingine a bayan shago, ya sa mana wani, bai karɓi komai ba, muka tafi.

A hanya Baba ya tambaye ni daga kujerar baya, "Yaya wannan?" Bakina ya saba da cewa alhamdu lillahi a irin wannan wuri. Na ji kalmar ta taso, na haɗiye ta, don ba zan iya jingina ƙarya da sunan Allah ba. Na ce, "Ya yi, Baba."

Daga nan na shiga watannin da ban taɓa ganin irinsu ba. Na fara tuƙi da hadda. Na san ramukan hanyar Tudun Wada ɗaya bayan ɗaya, na san inda masu keke mai ƙafa uku suke tsayawa ba sigina, na san inda 'yan makaranta suke tsallakawa. Nakan sauke gilashin gefe ko ana sanyi, don kunnena ya taya idona. Na rage gudu ƙwarai, na ce don man ya daɗe ne, Baba kuwa ya yi ta yabona a wurin baƙi, yana cewa direbansa ya fi gwamnati sanin tattali. In rana ta yi ƙasa tana dukan gilashi, nakan nemi dalilin da zai sa mu jinkirta fita. Idon hagu ma ya fara bin ɗan'uwansa. Rubutuna ya yi ta girma a takarda, har mai ɗakina ta ce ko tawada ta yi arha ne.

Kowace safiya kuma sai na wanke gilashin nan, waje daga sama zuwa ƙasa, ciki daga gefe zuwa gefe, sau biyu, sau uku, alhali na san inda dattin yake. Ban san me nake nema ba. Ina jin dai hannuna ne ya ƙi yarda.

In muka bi ta Gada Biyu nakan kau da kai daga shagon Oga. Na ji labari a bakin wani makanike cewa mutanen cocin Baba sun daina kai masa aiki, kuma maƙwabtansa sun laƙaba masa Oga Mai Ruwa. In ya fito da gilashi zai yanka, sai mai faci ya ce a kawo bokiti kada ya zube. Na ji wannan na yi dariyar yaƙe, na koma mota na zauna. Na san hukuncin wanda ya ɗora wa wani laifin da bai yi ba. Na karanta shi, na ma karantar da shi. A sujada nakan roƙi Allah ya kare ni daga taka ɗan mutum, amma in na zo roƙon gafara a kan Oga sai harshena ya yi nauyi, don na san wannan ba a sujada ake biyansa ba.

Wajen ƙarshen damina ƙanwar Mama ta kwanta rashin lafiya, aka ce mu je da sassafe. Hanyar ta Tina Junction ce. An kwana ana ruwa, gari ya waye tas, rana ta fito gaba da gaba da mu, kwalta kuma jiƙe tana walƙiya. Na ce ko za mu ɗan jira, Mama ta ce, "Malam, mai ciwo ba ya jira." Ta zauna a gaba kusa da ni da kular abinci a cinya.

Muna dosar mahaɗar, hasken ya bugi gilashin, sai duniya ta zama fari fat. Babu hanya, babu keke, babu mutum. Ina jin hon ta ko'ina, ina jin 'yan kamasho suna kiran fasinja, amma gabana kamar an shimfiɗa likkafani. Na ɗaga ƙafa daga totur ina lalube, ina cewa a raina, yanzu zai wuce, yanzu zai wuce.

"Yesu! Malam!"

Na taka birki da dukkan ƙarfina. Kular ta daki gaban mota. Na ji wani abu ya faɗi a kan bonet, sa'an nan na ji ƙananan abubuwa suna gangarawa, dum, dum, dum. Inna lillahi kawai nake maimaitawa. Na kasa sakin sitiyari.

Mace ce, da kwanon dankali a ka da goyo a baya. Bambar motar ta taɓa zaninta. Kwanon ne ya faɗo, dankalin ya watse a titi. Tana tsaye, hannunta ɗaya a kan bonet, ɗayan ta mayar baya ta dafe jaririn, ba ta ko yi ihu ba. Da na ƙara taku ɗaya na taya, da wani labarin nake rubutawa, ko kuma da ba ni ne mai rubutun ba.

Duk wanda ya zauna a garin nan ya san yadda ƙaramin abu a bakin titi yake iya girma kafin a ƙifta ido. Mutane suka kewaye motar. Wani yana dukan bonet da tafin hannu, wani ya zura hannu ta taga ya cire makulli. Na ji hulata ta yi mini nauyi a ka, na ji gemuna kamar shi kaɗai ake kallo. Wani matashi ya sunkuyo har ina jin numfashinsa.

"Dattijo, makaho ne kai? Ba ka ga mutum ba?" Ya goga yatsa a gilashin ya nuna wa jama'a. "Ku duba, fes, kamar babu gilashi ma! Me zai ce?"

Mama ce ta cece ni, Allah ya saka mata. Ta fita, ta rungume matar, ta yi mata magana da yarensu, ta kwance goyon ta duba yaron gaba da baya, ta ɗaga shi sama kowa ya gani yana ta wutsil-wutsil. Ta juya ga matasan ta ce wannan dattijo shekara goma sha takwas yana tuƙa ta, 'ya'yanta a bayan motarsa suka girma, wanda zai taɓa shi ya fara da ita. Ta sa su tsince dankalin. A hankali taron ya saki, aka miƙo makullin.

Ta dawo ta zauna, ta miƙo mini shi. Ban karɓa ba.

Na ce, "Mama, yaron nan gaskiya ya faɗa. Ba na gani."

Wani direban tasi da ta sani ya ja motar ya kai mu, ya dawo da mu gida. A gindin fiya na gaya wa Baba komai, tun daga ranar alwala. Ina jira ya ce in ajiye makulli in tafi, kuma da ya faɗa da bai zalunce ni ba. Ya cire tabarau ya riƙe a hannu.

"Da matata a mota, Malam. Da ni. Wata nawa?"

Na faɗa masa.

"Kuma ka tsaya kana kallo na ci mutuncin bawan Allah a gaban jama'a."

Na ce haka ne. Ya tashi ya shiga ciki. Kwana biyu bai ce mini komai ba. A na uku ya aiko a ce in shirya, ya yi magana da asibitin ido.

Ba zan ɓoye ba, da aka kwantar da ni aka rufe mini fuska da ƙyalle, ƙarar mahaifina nake ji. Na karanta duk abin da na haddace na neman tsari, har wata ma'aikaciya ta dafa ni ta ce mini, "Baba, ko cire haƙori ya fi wannan." Ban yarda da ita ba, amma ita ce mai gaskiya. Washegari da aka cire bandeji, abin da na fara gani shi ne furfura a goshin mai ɗakina, wadda ban san ta fito ba. Na ce mata, "Ashe kin tsufa." Ta ce, "A mayar masa da bandejin." Bayan wasu makonni aka yi ɗayan idon, likita ya gwada ni ya ce zan iya komawa tuƙi.

Ranar da na dawo aiki Baba ya miƙo mini makulli ya ce, "Asabar, da hantsi, Gada Biyu. Kai ka ɗauko kayan nan, kai za ka sauke. Ni ma ina da nawa ƙunshin."

A hanya ya gaya mini ya yi waya da 'yarsa da ke koyarwa a jami'a, ya ba ta labarin tagogin mishan, ta yi masa dariya har ya ji haushi. Ta ce an daɗe da barin wannan magana. Gilashi daskararre ne, ba ya gangarowa ko zai shekara dubu a taga. Ya ce, "Bari in faɗa maka yadda za ka gane. Ƙwayoyin gishiri a jere suke kamar sahunku na salla. Na gilashi kuwa kamar mutanen kasuwa ne aka ce kowa ya tsaya cak inda yake. Ba su yi sahu ba, amma ba mai motsi." Ya yi ajiyar zuciya. "Yara nawa na koya wa kuskure, Allah kaɗai ya sani."

Mun tarar da Oga yana zaune a bakin shago ba aiki. Mai faci yana nan, mai fenti yana nan, mai masara tana fifita gawayi. Na yi sallama, na ƙi zama. Na ce ina so maƙwabta su matso, don a gabansu aka yi, a gabansu za a warware. Na faɗa: gilashin mutumin nan ba shi da aibi, idona ne ya yi yana, na sani tun kafin mu zo ranar, na yi shiru don tsoron rasa aiki. Baba ya karɓa, ya ce shi ma ya yi kuskure a kimiyyarsa da kuma bakinsa, kuma gobe Lahadi zai faɗa a coci, inda ya ɓata shi.

Oga ya kalle ni, wannan karon ido cikin ido.

"Malam, tun ranar na sani. Idonka na dama ya yi fari kamar na mamana a gida."

Na ce, "To me ya hana ka faɗa?"

"In na faɗa, aikinka ya mutu a wurin. Kai da iyali." Ya girgiza kai. "Amma ka ba ni wahala, Malam. Duk ranar da na ji an yi hatsari a gari, sai hankalina ya tashi. In ce, ko shi ne? In shi ne, da hannuna a ciki. Matana ya ce in je in gaya wa Baba, na ce gobe, gobe. Ni ma ban yi daidai ba."

Na tambaye shi abin da zan yi ya yafe mini. Na fara zancen asarar da ya yi, ya ɗaga hannu ya tsayar da ni, ya ce ba aljihunsa na taɓa ba, sunansa na taɓa. Ya shiga bayan shago, ya fito da gilashin nan a rungume, ya yi ƙura, gizo-gizo ya yi saƙa a kusurwarsa. Ba wanda ya yarda ya saya tun ranar. Ya jingine shi a inuwa, ya ajiye bokiti a gabana.

"An ce ka iya wanki."

Mai faci ya ce, "A hankali, Malam, kada ya zube!" Aka yi dariya, har da Oga.

Na naɗe hannun riga. Na wanke waje daga sama zuwa ƙasa, na zagaya na wanke ciki daga gefe zuwa gefe. Mai masara ta miƙo mini jaridar da take naɗe masara da ita, na dunƙule na bi. Da na gama na ja da baya na duba. Ta cikinsa na ga titi, na ga lambar wani keke da ke wucewa, na ga tsagar da ke jikin bangon tsallaken hanya. Babu zane a tsaye, babu a kwance. A wannan karon kalmar ta taso ban haɗiye ta ba, na ce alhamdu lillahi da ƙarfi.

Oga ya miƙo mini hannu, na kama da hannuwana biyu. Ya ce, "Shi ke nan, Malam. Ba ka da nawa, ba ni da naka." Sa'an nan ya laluba aljihu ya ciro guntun alli, ya ja babban layi a tsakiyar gilashin, don kada wani ya zaci babu komai a wurin ya shige ta ciki.